“Ku Fita” da “Ku Fito”: Darasin Tsira a Ajin Zana

Ƙasar Tasawa da ta Mayahi ba ta girgiza. Rairayi ne shimfiɗe da gonakin hatsi, da kwarin Gulbin Kaba mai gorubai, nesa ƙwarai da wuraren da faifayen ɓawon duniya ke gogayya da juna. Afirka ta Yamma ta taɓa ɗanɗana girgizar ƙasa mai kisa, a Akara ta Gana cikin 1939, da arewa maso yammacin Gini cikin Disamban 1983, amma tsoho a Kanan Bakashe ko Maijirgi yana iya cika kwanakinsa bai taɓa jin ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tabarmarsa ba. Duk da haka, darasin kare kai daga girgizar ƙasa yana yawo a duniya cikin littattafai da hotunan faɗakarwa. Umarninsa uku ne: ka durƙusa, ka shige ƙarƙashin tebur, ka riƙe ƙafarsa har ƙasa ta lafa.

Irin wannan hoto ne ya faɗo hannun wata malama, ƴar kwantaragi, da ke koyar da ƴan ajin farko a wani ƙauye tsakanin Mayahi da Tasawa. Ta karanci kimiyyar harshe kafin neman abinci ya kai ta ga alli, kuma hoton ya zo mata ne cikin kayan wani horo na ƴan kwanaki, da bayaninsa cikin Faransanci. Ta daɗe tana dubansa. Ajinta rumfa ce ta zana da karan hatsi, wadda iyaye ke kafawa bayan girbi, ruwan farko kuma ya tashe ta. Babu tebur ko ɗaya a ciki; yara a ƙasa suke zaune, allunansu bisa cinya. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne cewa hoton yana koya wa yaro ya zauna cikin ɗaki ya ɓuya, alhali abin da ke kashe yara a ɗaki irin nata yana bukatar su bar shi tun kafin a ƙirga goma.

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ta ci kimanin yara 20. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a cikin birnin Maraɗi, wata ta cinye azuzuwa uku, aƙalla yara 25 suka rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida, tsaran waɗanda ke gabanta kullum. Gwamnati ta haramta irin waɗannan azuzuwa ga ƴan matakin share fage, amma a lokacin ana lissafin kusan 36,000 a faɗin Nijar, kuma doka ba ta zama bulo a dare ɗaya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan’uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan da ke hannun malamar shi ne ikon tsara rumfarta da ikon zaɓar kalmominta.

Tsarin rumfar bai ba ta wuya a tunani ba, ko da yake ya ba ta wuya a wurin mutane. Ta nemi a buɗe ƙofa ta biyu daura da ta farko, a kuma bar fili tsakanin rumfarta da ta maƙwabcin aji. Shugaban kwamitin iyaye, dattijo ne mai haƙuri, ya ce mata: “Malama, ƙofa biyu ai hunturu za ki gayyato, ga awaki kuma.” Ta ce: “Baba, sanyi yana da magani.” Ya yi shiru, sannan ya sa aka yanke zanar. Takalma ma ta kawar da su daga bakin ƙofa, domin ta lura duk lokacin tashi nan yara ke cunkushewa, kowa ya sunkuya yana lalube. Ta mayar da su gindin wani gawo da ke gabas da ajin, ta inda iskar hunturu ke fitowa, yadda hayaƙi ba zai bi yara can ba. Yaro da kansa yake nufar inda takalminsa yake, don haka gawon ya zama matattara ba tare da an sha yi masa bayani ba.

Kalmomin ne suka ci mata lokaci, kuma a nan ne karatunta ya yi mata rana.

Harshen aji Faransanci ne, amma yaron da bai cika wata uku a lakwal ba, in ya firgita, babu abin da ke saura a kunnensa sai harshen da uwarsa ke tsawata masa da shi. Wannan bai bukaci dogon nazari ba. Abin da ya bukaci nazari shi ne wace Hausa. Ta san abin da ake koya wa yaran Japan, taƙaitacciyar kalma o-ha-shi-mo, wadda aka haɗa daga gaɓoɓin farko na hani huɗu: kada a ture juna, kada a ruga, kada a yi surutu, kada a koma baya. Ta kuma san abin da horo ya yi a garin Kamaishi ranar 11 ga Maris 2011, inda kusan dukkan ƴan makarantar garin, kimanin 3,000, suka tsira daga igiyar teku. Sai dai hani huɗun nan ba sa shiga Hausa lafiya. A Japananci alamar korewa a ƙarshen aikatau take, ita ce kunne ke ji daga baya. Faransanci kuwa yana tsare aikatau gaba da baya. Hausa a gaba take ajiye tata, kuma abin da ya biyo bayanta cikakken umarni ne mai cin gashin kansa. In ihu da ƙarar karan da ke ci suka haɗiye “kada” daga “kada ku gudu”, abin da ya rage shi ne “ku gudu”. In suka haɗiye shi daga “kada ku koma”, an aika yaro cikin wuta ke nan ya ɗauko allonsa. Saboda haka ta cire korewa gaba ɗaya daga umarnin gaggawa, ta bar abin da ake so a aikata kawai: ku tashi, ku bar kaya, ku kama hannu.

Sannan ga bambancin da ɗalibin nahawu ke haddacewa don jarrabawa ya manta. A rabe-raben aikatau na Parsons, aji na shida, mai ƙarewa da wasalin o, yana nuna motsi zuwa wajen mai magana. “Ku fita” maganar wanda ke cikin ɗaki ce, yana kora. Ba ta faɗi inda za a nufa ba, kuma yara hamsin da aka kora kowa gabansa zai bi. “Ku fito” maganar wanda ke waje ce, yana kira, kuma wasali ɗaya ya gaya wa yaro cewa akwai babba a wani wuri yana jiransa. Malama ba za ta iya kasancewa a wuri biyu ba, wajibinta ne ta zama ta ƙarshen fita. Sai ta raba aikin: ita a ciki tana cewa a fita, wata babbar ɗaliba daga aji na sama kuma, wadda aka sa wa wannan nauyi, ta ruga gindin gawo tana cewa a fito. Murya ɗaya na turawa, ɗaya na ja.

A bakinta kuwa ba “fita” take cewa ba, “hita” take cewa, da “hito”, kamar yadda mutanen ƙasar ke furtawa. Daidaitacciyar Hausa tana da gurbinta a allo da takarda, amma lokacin gobara ba lokacin gyaran lafazi ba ne.

Kalmar ƙararrawar ma sai da ta auna ta. “Wuta” kalma ce ta cikin gida, ana aiken yaro ya ɗebo ta a maƙwabta, ana kawo ta ana ɗauke ta a birni. Ba ta tayar da kowa. “Gobara” tana tayarwa, amma tana da tata al’adar: in an yi kururuwarta a gari, mutane wajenta suke nufa da bokiti da ƙasa, kuma yara sun ga iyayensu suna haka. A gwajin farko wani yaro ya tsaya yana cika hularsa da rairayi. Ta tambaye shi dalili, ya ce: “Madam, ba kashewa za mu yi ba?” Ta ɗauki makonni tana nanata musu cewa kashe gobara aikin manya ne. Mutanen Haiti, bayan girgizar 12 ga Janairu 2010, sun raɗa wa bala’in suna daga ƙararsa, gudugudu, suka bar kalmar littafi ga littafi. Hausa, da yalwar amsa-kamarta, ba ta rasa irin wannan hanya ba, kuma yaran ajin da kansu suka fara kiran atisayen “wuf”.

Hoton girgizar ƙasar bai tafi a banza ba. Da damina ganuwar laka da ta sha ruwa takan faɗi ba sallama, kuma a 2024 ambaliya ta yi ɓarnar da ta sa aka ɗage komawa makaranta a duk ƙasar zuwa 28 ga Oktoba, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka. Kare kai da hannuwa da nisantar bango suna da amfani a nan. Cikin yaran kuma akwai waɗanda ci-rani zai kai Aljeriya wata rana, inda ƙasa takan motsa da gaske. Ta ajiye darasin zuwa ƙarshen shekara, tana gabatar da shi da sunansa na gaskiya: abin da ake yi a ɗakin siminti, a wata ƙasa.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Malamar ta ji labarin a rediyo, ta yi murna, amma matsalar da ke gabanta a makon wata ce daban. An kawo mata yara biyu daga rugar Fulani da ke arewa da gari, waɗanda Hausarsu ba ta kai ga rarrabe “hita” da “hito” ba, ga kuma wata yarinya mai nauyin ji. Ƙarfen tayar mota da ke rataye a tsakar makaranta shi ake bugawa don shiga aji, shi ake bugawa don tara, kuma har yanzu ba su daidaita da sauran malamai a kan bugun da zai zama na gobara shi kaɗai ba. Yarinyar kuwa ko an daidaita ba za ta ji ba. An dai zaunar da ita kusa da ƙofa ta biyu, hannunta kusa da na ƙawarta.