Keken Haya a Karkara

Wani malamin firamare da aka tura ƙauye mai nisa da bakin titi ya iske babu abin hawa sai keken haya. A gindin tsamiyar kasuwa akwai wani dattijo mai gyaran keke da ke da kekuna uku, Rali ɗaya da Fonis biyu, duk sun sha faci. Ba ya karɓar jingina, sanin asali ya ishe shi shaida. Idan baƙo ne, sai mai unguwa ya tsaya masa.

Keke ɗaya kan yi wa mutum huɗu aiki a yini guda. Da asuba manomi ya kai taki gona, da hantsi wani ya kai niƙa, da azahar a je sayo magani, da la'asar kuma yara su haɗa kuɗi su koyi tuƙi.

Wata ranar kasuwa malamin ya karɓi keke zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, bisa alkawarin dawowa da azahar. Hira da abokai ta ɗauke masa hankali, bai iso ba sai bayan magariba. Ashe wani magidanci da matarsa ke naƙuda ya zo neman keke don ɗauko ungozoma daga ƙauyen gaba, ya tarar duk sun fita, ya tafi da ƙafa. Allah ya sauki matar lafiya, amma ta galabaita. Malamin ya miƙa ƙarin kuɗi, dattijon ya ƙi karɓa, ya ce, "Malam, ai ba ni ka cuta ba. Je ka ba mai haƙƙi haƙuri." Tun daga ranar bai sake saɓa lokaci ba, ko a aji.

Da babur ya yawaita a ƙauyuka, musamman bayan hana acaɓa a birnin Kano a 2013, sai hayar keke ta ja baya. Amma cire tallafin man fetur a 2023 ya sa kuɗin hawa babur ya gagari talaka, aka koma kakkaɓe tsofaffin kekuna.

Malamin kan tunatar da sababbin malamai cewa kayan da jama'a ke tarayya a kansu, keke ne ko rijiya ko littafin aji, amana ce ke riƙe da su. Duk wanda ya riƙe su fiye da lokacinsa, akwai wani can a tsaye yana jira.