Yaron Bencin Baya

Sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, ni aka aika da ni wata makarantar firamare a unguwar Dogo Tebo, cikin garin Potiskum. Aka ba ni aji uku. Na shiga da alli a hannun dama, tsumagiya a hagu, ina ganin babu wanda ya fi ni sanin horo.

A bencin baya akwai wani yaro siriri. In ana kiran rajista ba ya amsawa sai na kusa da shi ya zungure shi. In na ce a buɗe littafi, sai ya tsaya duban 'yan'uwansa tukuna. Shifta kuwa, ba ya cin ko ɗaya. Na ce a raina lalle wannan taurin kai ne da raini. Cikin mako biyu sau huɗu na yi masa bulala, bai taɓa kuka ba, sai dai ya zuba mini ido.

Ran nan bayan an tashi, sai ga wani dattijo, mai dillanci a kasuwar shanu. Muka gaisa, ya ce, "Malam, ba ƙara na kawo ba. Jikana ne. Tun da sanƙarau ya kama shi, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuwa sai an ɗaga murya. Kullum ya komo gida sai ya tambaye ni laifin da ya yi, ni kuma ban sani ba."

Wallahi na rasa bakin magana. Ashe abin da nake kira raini, bakina yake kallo don ya tsinci magana, ni kuwa ina koyarwa fuskata na wajen allo!

Kashegari na mai da shi bencin gaba. Na riƙa fuskantarsa in zan yi magana, kowane umarni kuma in rubuta shi. Kafin wata ya ƙare ya shiga goman farko a lissafi. Na nemi gafararsa gaban kakansa, ya yi murmushi, amma har yau abin yana cina.

Daga baya na gane wannan ba alfarma na yi masa ba, hakkinsa ne. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe don ilmin naƙasassu. A Kano akwai makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki. A watan Janairu 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba su ilmi kyauta har sakandare. Amma fa doka ba ta shiga aji da ƙafarta, malami ne ke shiga da ita.

To, 'yan'uwana masu shirin fita koyarwa, ban ce a bar horo ba, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da na ce shi ne, kafin ka hukunta yaro, ka bincika. Tsaya bayansa ka kira sunansa a hankali. Sa shi ya karanta allo daga nesa. Tambayi iyayensa ciwon da ya taɓa yi. Wanda ya ƙi daban, wanda ya kasa daban, bulala kuwa ba ta san bambancinsu ba.

Allah ya ba mu haƙuri da amanar da aka danƙa mana, amin.