Sawu a Rami na Huɗu

Da muna yara a Jos, idan aike ya bi da mu ta wajen Rayfield, mukan ja mu tsaya daga nesa mu kalli waɗansu mutane masu fararen huluna suna dukan wata 'yar ƙwallo da sanda, sa'an nan su bi bayanta a ƙasa kamar masu cigiyar akuya, yaro na biye da su da jaka a kafaɗa. Hukuncin da muka yanke wa wasan golf, wanda 'yan jarida ke kira ƙwallon lambu, gajere ne: wasa ne na Turawan kuza da waɗanda suka gaji kujerunsu, ba ruwan ɗan talaka da shi sai dai ɗaukar kaya. Da wannan ra'ayi muka girma, da shi kuma muka sauka ƙasar Sikotlan a shekarar 2014 domin karatun digiri na uku a fannin adabi.

Tsadar haya a cikin birni ce ta kora mu wani ƙaramin ƙauyen masunta a gaɓar tekun yankin Fife. Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin raba wasiƙu, shi ya ja mu filin ƙauyen wata ranar bazara, yana cewa mutumin da ke wuni a ɗaki da littattafai ba ya daɗewa da hankalinsa. Abin da muka tarar ya rushe mana tsohon hukunci. Fili ne mai ramuka 9 tsakanin gonar sha'ir da teku, masu wasan kuwa su ne mai gyaran famfo, da direban bas, da masunta, da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Kowa shi ke ɗaukar jakarsa. Kulob ɗin ba na wani attajiri ba ne, na membobi ne, kuma ma'aikaci ɗaya tal ake biya, wato mai kula da fili. Sauran aiki duk gayya ne.

Wannan hali yana da asali. A Sikotlan wasan ya taso ne a filayen rairayi na bakin teku, waɗanda ba su da amfani ga garma, inda jama'ar gari ke kiwo da shanya. Tun a 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta hana shi, domin yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin kibiya, hanin da bai yi tasiri ba. A 1744 aka rubuta dokokinsa 13 na farko a Leith, a 1764 kuma mutanen St Andrews suka rage ramukansu daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta ɗauka daga baya. Tsohon filin St Andrews ɗin nan, wanda masu kuɗi ke ƙetaro teku domin su taka, yawancin ranakun Lahadi rufe shi ake yi ga wasa, mutanen gari su fito yawo a kansa da 'ya'yansu da karnukansu. Mun gani da idonmu, kuma gani ya kori ji.

A taron shekara na watan Nuwamba 2017 aka rasa wanda zai riƙa rubuta bayanin zaman kwamiti. Wani ya ce ai mai karatun adabi ba zai rasa iya rubutu ba, aka yi dariya, aka ɗaga hannuwa, kafin mu buɗe baki an gama. Da yake ba ma shiga aikin ɗakin shaye-shaye, sai aka haɗa mana da makullin safiyar Asabar: mu buɗe ɗakin kulob, mu kunna na'urar ɗumama ɗaki, mu ɗora ruwan shayi, mu duba allon sanarwa. Da haka muka shiga hunturun da muke son ba mai karatu labarinsa.

Wanda bai san sanyin can ba zai yi zaton irin na Jos ne an ɗan ƙara masa gishiri. Duhu ya fi sanyin cin rai. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8:40 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi, ta yadda azahar da la'asar da magariba kan zo a jere kamar masu gudun ruwa. Mai aikin ofis ba shi da damar wasa sai Asabar da Lahadi, idan kuwa sama ta ɓaci a ranakun nan, mako ya tafi. Baƙin da ke biyan kuɗin shiga a bazara sun ɗauke ƙafa tun Oktoba. Amma albashin mai kula da fili yana nan, inshora tana nan, kuɗin wuta ma a lokacin ya fi hauhawa. Ma'ajinmu, wata mata mai ƙarancin magana, takan ce kulob yana cin abincinsa a wata shida, ya yi tuƙa a sauran shidan.

Ga fili kuma, hunturu lokacin aiki ne. Idan zafin ƙasa ya sauka ƙasa da digiri 5 ko 6 ciyawa takan daina tsiro, saboda haka duk raunin da aka yi mata yana nan sai bazara. Domin wannan ne ake ba kowane mai wasa wata 'yar tabarmar roba ya ɗora ƙwallo a kai kafin ya doka, kada sanda ta ɓantare ƙasa, kuma ko a St Andrews haka ake yi daga Nuwamba zuwa Maris. A lokacin ne ake sake gina bangon ramukan yashi da yankakkun faifan ciyawa, ɗaya bisa ɗaya kamar jeren tubali. A lokacin ne ake yashe magudanan ruwa, ake wasa wuƙaƙen injin yanka. Hankaki ma sun ƙara mana aiki, domin tun da aka hana wani maganin ƙwari mai suna chlorpyrifos a Birtaniya a 2016 tsutsotsin da ke cin saiwar ciyawa suka yawaita, tsuntsayen kuma suka riƙa tone fili suna nemansu. Mun sha fita da guga cike da yashi muna cike ramukan da suka bari, yatsunmu sun sandare, muna tuna filayen gida inda farfajiyar rami yashi ce da aka cakuɗa da mai, mutum ɗaya ya ja mata katako ta koma sumul, ba ruwanta da sanyi.

Farfajiyar ramin nan, wato shimfiɗar lallausar ciyawa da ke kewaye da rami, ita ce dukiyar kulob. Shekaru ake yi ana renonta. A Brora, can arewa, inda tumaki da shanun manoma ke kiwo a cikin fili lokacin da muka ziyarta, waya mai lantarki aka kewaye kowace farfajiya da ita. Babban abokin gabanta a wurinmu shi ne daskararriyar raɓa. Ganyen ciyawa yawancinsa ruwa ne. Idan ruwan ya daskare ganyen yakan zama kamar gilashi, wanda ya taka ya farfasa shi daga ciki. Abin takaicin shi ne ba a ganin ɓarnar nan take, sai bayan kwana biyu ko uku sawun ya fito. Saboda haka dokar kulob ta ce duk safiyar da raɓa ta daskare, a cire tutoci daga farfajiya a kai su ramukan wucin gadi da aka haƙa a gefe, kuma maganar mai kula da fili ita ce ta ƙarshe.

Wata Asabar ta watan Janairu 2018 muka iso da duhu-duhu muka tarar fili fari fat, allo kuma yana cewa ramukan wucin gadi. Mai kula da fili ya rubuta ya tafi, domin ranar hutunsa ce. Wajen ƙarfe 10 rana ta ɗan leƙo, ciyawar gaban ɗakin kulob ta narke ta koma kore. Sai ga dattawa huɗu, maƙwabcinmu na cikinsu, mafi ƙanƙantarsu ya haura shekara 70. Babbansu ya dubi allo, ya dubi waje, ya ce da mu, "Yaro, raɓa ta tashi. Ina wasa a filin nan tun kafin a haifi wanda ya rubuta wannan. Mayar mana da tutoci."

A nan tarbiyyar gida ta kama mu. An rene mu a kan cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ba a ce wa mai furfura a'a a gaban tsaransa. Muka ce, "To, Baba," muka fita muka mayar da tutoci a farfajiya uku na farko, waɗanda lalle sun narke. Ta huɗu tana bayan wani tudu da ke tare ranar hunturu har azahar. Ba mu je mun duba ba. Su dattawan da suka isa can suka ɗauko tutar da kansu, tun da an riga an buɗe musu ƙofa.

Ranar Talata mai kula da fili ya aiko a kira mu. Bai ce komai ba, ya wuce gaba muka bi shi zuwa rami na huɗu. Sawun mutum huɗu ne kwance a kan kore, baƙi-baƙi kamar an ɗora dutsen guga, kowane taki a fili, har ana gane inda wani ya tsaya ya juya, da inda suka taru a bakin rami. Mun yi shekaru muna koyon karanta matani, amma ba mu taɓa ganin rubutun da ya fi wannan fayyace ba. Ya ce, "Sai Afrilu." Ya koma kan taraktarsa.

Da a ce ciyawa ce kawai da abin ya zo da sauƙi. A zaman kwamiti na wannan watan akwai shawarar da wasu suka kawo ta a rage wa mai kula da fili ranakun aiki a hunturu domin a cike giɓin kuɗi, hujjarsu kuwa ita ce mutumin yana yawan rufe farfajiya, membobi na biyan kuɗin shekara ba sa morar fili, wasu har sun fara maganar komawa babban kulob na garin da ke kusa. Yanzu ga farfajiya ta lalace, kuma waɗanda ba su san yadda aka yi ba sun fara cewa sakacinsa ne. Dattawan sun yi gum. Mu ne masu riƙe da alƙalamin bayanin zama, kuma da mun yi shiru ba wanda zai tona. Mun kwana biyu muna jujjuya abin, domin baƙo ba ya son a san shi da ɓarna a garin mutane, balle baƙon da shi kaɗai ne mai irin launinsa a ɗakin. A ƙarshe muka miƙe muka faɗi yadda aka yi, ba mu ambaci sunan kowa ba sai namu, sa'an nan muka zauna muka rubuta laifinmu da hannunmu a littafin kulob, inda yake har yau idan ba a sake littafi ba.

Ba a yi mana faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ma'aji ta ce tun da an ga abin da safiya ɗaya ke haifarwa idan mutumin ba ya nan, ita ba ta ga hikimar ƙara yawan safiyoyin da ba ya nan ba. Shawarar ta faɗi da ƙaramin rinjaye. Aka amince a ɗan ƙara kuɗin shekara, a kuma riƙa shirya daren kacici-kacici da sayar da romo a ɗakin kulob.

Duk da haka ba mu iya ganin baƙin dattawan nan ba, kuma har yanzu muna ganin kwamiti bai fahimce su sarai ba. Babbansu matarsa ta rasu shekara biyu kafin nan, 'ya'yansa suna Edinbara da Kanada. Maƙwabcinmu ya gaya mana daga baya cewa daga Asabar zuwa Asabar mutumin kan yi kwanaki bai yi magana da kowa ba sai mai kanti. A ƙauyen da aka rufe banki, majami'a kuma ta koma buɗewa jefi-jefi, ɗakin kulob ne kaɗai wuri mai ɗumi da tsoho zai zauna ba a tambaye shi me zai saya ba. Ramin wucin gadi a wurinsa alama ce ta cewa an fara sallamarsa, shi kuwa bai san bazara nawa suka rage masa ba. Abin da muka iya yi shi ne muka roƙi a riƙa buɗe ɗakin ranar Laraba ma, ko da wasa ko babu, muka karɓi makullin.

A ƙarshen Fabrairu iskar gabas mai tsananin sanyi ta taso daga wajen Sabiriya. Ranar 28 ga wata hukumar yanayi ta Birtaniya ta ba da jan gargaɗi na dusar ƙanƙara ga tsakiyar Sikotlan, har da Fife, matafiya suka kwana cikin motoci a kan babbar hanyar M80. An yi kwanaki ba bas, madara da burodi suka yanke a kanti. Fili ya ɓace gaba ɗaya, ba tuta ba rami, yara suka mai da tudun rami na huɗu wurin sulu, mai kula da fili ya kewaye farfajiyar da igiya ya bar musu sauran. Taraktar kulob ce ta buɗe hanyar unguwar tsofaffi, kuma a ɗakin kulob aka dafa romon da aka bi gida-gida da shi. Mu aka ba kwanon babban dattijon nan. Ya buɗe ƙofa, ya karɓa, ya dube mu ya ce ya ji abin da muka faɗa a kwamiti, kuma shi ne ya ɗauko tutar. Muka ce mun sani, Baba. Ya ce mu shigo kada ɗumin ɗaki ya fita.

Bazara ta makara a shekarar. Afrilu ta zo ta kusa wucewa sawun yana nan, ya dai koma ruwan ƙasa. Sai a mako na biyu na Mayu, muna tsakiyar gyaran babi na ƙarshe na kundinmu, mai kula da fili ya tsayar da mu a bakin kanti ya ce idan muna da lokaci mu leƙa rami na huɗu, kuma mu zo da guga, domin hankaki sun koma rami na bakwai.