Littafin da Ya Tafi Cin Rani

  

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a garinmu, nan cikin ƙasar Geceme, a Dallol Mauri. Na yi makarantar horon malamai a Doso, na dawo gida. Da rani nake koyar da manya, mata da la'asar, maza bayan sallar lisha. Yau labarin wani kuskure nawa zan ba ka. Ka saurara, don abin ya shafe ka.

Bari in fara da mahaifina. Ya shiga ajin yaƙi da jahilci tun ba a haife ni ba. Ka san a ƙasarmu Nijar an soma wannan aiki tun 1963. A zamaninsu akwai jaridun sababbin masu karatu, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii. Mahaifina ya yi rani biyu yana koyo, har aka ba shi takardar shaida. Takardar tana nan cikin akwatinsa har yau. Amma karatun ya tafi. Da aka rufe aji, bai sake samun abin karantawa ba. Wata rana ina yaro aka kawo masa wasiƙar ƙanensa daga Legas. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya miƙo mini, ya ce idonsa ba ya gani sosai. Ni kuwa na san idonsa lafiya lau, don daga ƙofar gida yake gane akuyarsa a bakin fadama. Karatu kamar hanyar gona yake. In an daina bi, ciyawa ta rufe ta.

Saboda haka na yi murna ƙwarai ranar da aka kawo wa garinmu akwatin littattafai. Babban akwatin ƙarfe ne, da littafi 120 a ciki. Akwai na noma, na kiwo, na lafiyar yara, na lissafi. Akwai tatsuniyoyi. Akwai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. Mai gari ya ba mu wani ɗaki kusa da masallaci. Wanda ya kawo akwatin ya ba ni kaye biyu, da bik, da kwaɗo. Ya ce: "Malam, sa hannu nan. Duk littafin da ya ɓace, a wuyanka yake."

Wannan magana ta hana ni barci. Na ƙirga kuɗin littattafan, na ƙirga abin da nake samu a wata, na ji tsoro. Sai na kafa doka ni kaɗai, ban yi shawara da kowa ba. Na ce duk mai son aro sai ya kawo katin ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa. Sannan ya ajiye dala ɗari jingina.

Ka san abin da ya faru? Rani ya zo ya wuce, suna bakwai kawai na rubuta a kaye. Malaman lakkol, da ma'aikacin ɗakin shan magani, da mai kanti. Duk mutanen da suka riga suka iya karatu. Ɗalibaina kuwa, waɗanda don su aka kawo akwatin, ko ɗaya babu.

Akwai wata dattijuwa a ajina, mai sayar da ƙuliƙuli. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki uku. Ta fi kowa naci. Wata la'asar bayan an tashi, ta biyo ni ɗakin littattafai.

Ta ce: "Malam, littafin nan na turkar rago nake so. Na sayi ɗan rago, ina so ya kai layya."

Na ce: "Inna, kuna da katin ɗan ƙasa?"

Ta ce: "Ba ni da shi."

Na ce: "To, takardar haihuwa fa?"

Ta dube ni, ta yi dariya. Ta ce: "Ɗana, ranar da aka haife ka ina cikin ɗakin. Ni na ɗebo ruwan wankanka. Yau kai ne ba ka san ni ba sai da takarda?"

Na sunkuyar da kai, na ce doka ce. Ban gaya mata ni na kafa dokar ba.

Ta ce: "Kuɗin ragon nan a ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara na ranto. Jika goma aka ƙirga aka ba ni. Ba wadda ta tambaye ni kati." Ta ɗauki tirenta ta fita. Mako guda ba ta zo aji ba.

Gaskiyarta. Tsarin Mata Masu Dubara an fara shi a ƙasar Maradi a 1991, ya bazu cikin Nijar, har ya ƙetare iyaka. Mata suna zuba kuɗi kowane mako, suna ranta wa juna, suna biya. Jinginarsu ita ce sanin juna da jin kunya. Ni mai takardar malanta ban gane wannan ba.

Damina ta faɗi, aka rufe aji, kowa ya nufi gona. Na kulle akwati, na kulle ɗaki, na sa makulli a aljihu, hankalina kwance. Bayan girbi na je na buɗe. Ashe rufin ɗakin yana yoyo. Ruwa ya kwanta ƙarƙashin akwatin, gindinsa ya yi tsatsa ya huje, gara ta shiga. Na riƙa ɗaga littafi yana zubewa kamar dussa. Na ƙirga, littafi 31 sun lalace. Har da na turkar rago.

Na zauna a ƙasa, na buɗe kaye. Mutum bakwai ɗin nan duk sun maido abin da suka ara. Ba mai aron da ya ɓatar da ko shafi ɗaya. Ni mai tsaro, ni na yi ɓarna. Hausawa sun ce rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Ni ne gugan.

Washegari na tafi wurin mai gari, na faɗi gaskiya. Na kuma rubuta wa waɗanda suka kawo akwatin, na amsa laifina. Mai gari ya tara jama'a ƙarƙashin bedi. Wani dattijo ya ce: "A garin nan muna aron jaki, muna aron amalanke, muna aron iri mu biya da kaka. Malamai suna ara wa juna littafi cikin gafaka tun kakanninmu. Me ya sa na boko zai fi ƙarfin amana?" Aka zaɓi mutum biyar su riƙa duba aikin tare da ni, maza uku, mata biyu. Aka soke kati, aka soke jingina. Matasa suka gyara rufi. Muka ɗora akwatin bisa duwatsu, nesa da bango.

Kafin in rubuta kowa, na tafi gidan dattijuwar nan, na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Ita ce lamba 1 a sabon kaye. Da ta zo, na tura mata tawada don ta dangwala yatsa, kamar yadda aka saba. Ta ture tawadar, ta ce: "Ba ni bik." Ta daɗe tana rubuta sunanta. Haruffan sun karkace kamar kunyar sabon manomi. Amma nata ne. Ta ce tun da take, wannan ce takardar farko da ta sa wa suna da hannunta.

To, ga yadda muke aikin yanzu, don ka sani kafin ka zo.

Kaye na farko shi ne na masu aro. Sau ɗaya ake rubuta mutum a ciki. Za ka faɗi sunanka da sunan mahaifinka, da unguwarku ko tungarku. In ba mu san ka ba, ka zo da wanda muka sani ya tsaya maka shaida. Sai a ba ka lamba, a rubuta ta a ɗan kwali, ka riƙe. Sai ka sa hannu. Ba a biyan ko dala.

Kaye na biyu shi ne na fita da shiga. Kowane littafi yana da lambarsa a bayan bango. In ka zaɓi wanda kake so, muna rubuta abu huɗu: ranar ɗauka, lambar littafi, lambarka, da ranar maidowa. Littafi ɗaya ake ɗauka. Wa'adi kasuwa biyu ne, wato kwana 14. In ba ka gama ba, ka kawo shi mu gani, mu ƙara maka. Ranar da ka maido, kai da kanka za ka ja layi bisa lambarka. Ka ga kenan kayen nan ba don a kama ka aka yi shi ba. Shi ne shaidarka. In wani ya ce littafi yana hannunka, kaye zai wanke ka.

A gida kuwa, ka sa littafi cikin leda, ka rataye shi. Kada ka ajiye shi a ƙasa. Ka nisanta shi da mai, da ruwa, da bakin akuya. Ka bar yara su gani, amma kana kusa.

Kada ka zaci daga nan komai ya tafi daidai. A ranin farko wani saurayi ɗalibina ya ari Magana Jari Ce, littafi na ɗaya. Kwana uku bayan haka na ji ya tafi cin rani. Ya bi ta Kamba, ya nufi Legas. Kasuwa biyu ta wuce, ta huɗu ta wuce. Tsohon tsorona ya dawo. Na ce wa mutanen nan biyar: "Kun gani? Abin da na guda kenan." Na so mu koma ga jingina. Ɗaya daga cikin matan ta ce: "Malam, uban yaron yana nan, gonarsu tana nan. Wanda zai dawo shuka, zai dawo da littafi. Ka yi haƙuri."

Da ruwan farko ya sauka, sai ga shi. Tun bai huta ba ya zo ɗakin littattafai. Ya ciro littafin daga leda biyu. Bangon ya yi baƙi, an ɗinke shi da zare. Amma shafi ko ɗaya bai fita ba.

Na ce: "Kai, wata shida!"

Ya ce: "Malam, ku gafarce ni. Mu goma sha ɗaya ne a ɗaki guda, duk ƴan Arewa. In mun dawo daga tallan ruwa, ni nake karanta musu da fitilar waya. Sau uku muka sauke shi. Biyu daga cikinsu sun ce in koya musu baƙi. Ga su can, sun ce a tambaye ku yaushe za a buɗe aji."

Na riƙe littafin, na rasa abin faɗi. Wanda na kulle, gara ta ci. Wanda ya tafi Legas, ya dawo da ɗalibai biyu.

Duk da haka saurayin ya karya doka, don akwai masu jiran littafin wata shida. Aka yanke masa ya yi mana kanta ta katako, ya yi. Muka kuma ƙara layi ɗaya a kaye. Mai tafiya cin rani ya faɗa tun da wuri, a rubuta, a ba shi littafin da muke da shi biyu.

Ba zan ɓoye maka ba, mun yi asara. Cikin shekara biyu littafi uku sun tafi. Ɗaya akuya ta ci, mai shi ya biya da tiyar gero. Ɗaya ya ƙone a gobara, aka yafe. Ɗaya kuwa mai aron ya musanta, ga sa hannunsa a kaye. Aka hana shi aro har sai ya biya. Ka auna da kanka: uku a hannun jama'a cikin shekara biyu, 31 a hannuna cikin damina ɗaya.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A ƙasar Kenya, a 1996, an soma ɗora akwatunan littattafai bisa raƙuma daga garin Garisa, ana kai wa makiyaya. A Kolombiya, can Amurka ta Kudu, wani malami mai suna Luis Soriano ya riƙa kai wa yaran ƙauye littattafai bisa jakuna biyu.  Mu kuma yanzu, ranar kasuwa, muna shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki don mutanen tunga su samu.

Saura labari ɗaya. Wani dare bayan lisha ina rufe ɗaki, sai na ji sallama. Mahaifina ne. Ya tsaya yana duban kanta. Ya ce: "Akwai na farko, mai manyan baƙaƙe? Yara nake nema wa."

Na ce: "Akwai, Baba. Amma sai an rubuta mai ɗauka."

Ya yi shiru. Can ya ce: "To, rubuta ni."

Ya dangwala yatsa, ya sa littafin cikin riga, ya fita. Kasuwa biyu ya kawo, aka ƙara masa. Ya sake kawowa, aka ƙara. A karo na biyar, da na tura masa tawada, ya ce in ba shi bik.

Ɗan'uwa, ka sha wuya kafin ka iya haɗa baƙi. Ka hana kanka hira, ke kuma kin bar daka kin zo aji. Kada ku bar ciyawa ta rufe hanyar. In akwai akwatin littattafai a garinku, ka je a rubuta ka. In a kulle yake, ku je wurin mai riƙe da makulli, ku karanta masa wannan labari. In ka ara, ka maido a kan lokaci, don wani yana jira a bayanka.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Allah ya kai mu rani lafiya, mu haɗu a aji.