Ranar Wanka Ba a Ɓoye Cibiya

Goggona mai sayar da koko ce a Aboabo. Shekarun baya ta shiga wani bincike kan hawan jini a wani asibiti a nan Kumasi, ni ne ɗan rakiya kuma tafinta. Duk zuwa sai a ɗibi jininta, a miƙa mata ambulan, a ce kuɗin mota ne. Ranar asibiti ba ta dama koko, saboda haka ambulan ɗin shi ne cefanen gida. Wata rana na ce, "Goggo, da ba kuɗin nan za ki zo?" Ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, mai tallan koko ba ta zaɓen ciniki."

Bayan shekaru na ga rahoton binciken a intanet. An faɗi shekarun mahalarta da nauyinsu da waɗanda suka ɗauki nauyin aikin, amma ko kalma ɗaya babu game da ambulan.

Ba na ganin laifin biya. Wanda ya bar sana'arsa ya ba da jininsa ya cancanci hakkinsa. Sai dai idan kuɗin ya yi yawa, talaka zai amince da abin da zuciyarsa ta ƙi. Idan ya yi kaɗan, an ci guminsa. Ta yaya mai karatu zai bambance, alhali ba a rubuta adadin ba?

Mun ga abin da zargi ke haifarwa. A 2015, da labari ya bazu cewa za a ba masu shiga gwajin rigakafin Ebola a Hohoe sidi 200 da wayar salula, majalisa ta ɗauki zafi, gwamnati ta dakatar da gwajin. 'Yan'uwanmu na Kano kuwa ba su manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Roƙona ga likitocinmu ƙarami ne: ku rubuta nawa aka biya, don me, kuma wa ya amince da adadin. Mu kuma mutanen Zango, kafin mu dangwala yatsa a takarda, mu tambaya. Goggo ta rasu ba ta san jininta ya shiga littafi ba. Allah Ya jiƙanta.