Fitilar da na so in rufe wa ido

Washegarin ranar da aka wanke mini mota ciki da waje, na tayar da ita sai na ga wata jar fitila ta ƙi mutuwa a gabana: hoton mutum zaune da bel, ga ƙwallo a ƙirjinsa. Fitilar jakar iska ce, wadda wasu motoci ke rubuta wa SRS. Injin lafiya lau, birki na kamawa, don haka na yi mako biyu ina kai yara makaranta ina kawar da kai.

Bakaniken unguwarmu ya ce, “Yallaɓai, wannan ba komai ba ce. A liƙa mata baƙin salatif, ko a cire ƙwan, ka huta.” Saura kaɗan in yarda. Abin da ya hana ni shi ne tafiyar Zariya da ke gabanmu, da tunanin uwargida a kujerar gaba.

Ga abin da na fahimta daga baya. Duk lokacin da aka murɗa makulli, kwamfutar jakar iska takan gwada kowace waya da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa fitilar ke kamawa na kimanin daƙiƙa 6 sannan ta mutu. Idan ta ci gaba da ci, kwamfutar ta ga aibi, kuma mai yiwuwa jakar ba za ta buɗe ba ranar haɗari. Cire ƙwai ba ya mayar da ita bakin aiki. Labari kawai yake ɓoyewa.

Na nufi wurin wani mai gyaran wayar mota. Bai taɓa sukurudireba ba sai da ya jona na'urarsa, ya kuma bayyana mini cewa ƙananan na'urori masu arha galibi matsalar inji kaɗai suke karantawa. Tasa ta nuna rauni a layin jakar da ke gefen kujerar fasinja. Ya lissafa waɗanda aka saba zargi: naɗaɗɗiyar wayar cikin sitiyari, wadda idan ta tsinke sau da yawa hon ma yakan mutu, makullin bel, raunin batir, ruwan da ya shiga ƙarƙashin kafet, sai kuma soket ɗin ƙarƙashin kujera.

Ya cire kan batir, muka jira mintuna kaɗan, domin kwamfutar na riƙe ragowar wuta. Bai kai mita kan wayoyin jakar ba, saboda 'yar wutar mita na iya tayar da ita. Ashe masu wanki ne suka ja kujerar da ƙarfi, soket ɗin rawaya ya saki. Ya mayar da shi, ya goge bayanin aibin, ya murɗa makulli. Fitilar ta kama, muka ƙirga, ta mutu.

Da zan tafi ya ƙara da maganar da ta fi gyaran tsaya mini a rai: motar da fitilarta ba ta kamawa sam ta fi ban tsoro. Wasu motocin tokunbo sun taɓa haɗari, jakar ta fashe, aka rufe gurbinta, aka kashe fitilar.

Tun daga ranar, ba na sa giya sai na ga ta kama, ta kuma mutu.