Neman Malamin Kare A Ikko

Akwai wani mutumin Arewa, ɗan kasuwa, da ke zaune da iyalinsa a gidan haya a Agege cikin Ikko, wanda ɓarayi suka haura masa katanga har sau biyu a damina guda. A zuwa na biyu suka tafi da keken ɗinkin matarsa da injin ba da wuta. Da abin ya ishe shi sai wani abokin cinikinsa ya ba shi shawara ya nemi kare. Shi kuwa ko kyanwa bai taɓa kiwo ba, amma tsoro ba ya barin mutum ya yi dogon lissafi. Ya je ya sayo ƙaton kare ɗan wata bakwai, irin wanda a ke kira Alseshan, ya sa masa suna Duna, ya ɗaure shi da sarƙa a bayan ɗaki.

Shi wannan irin kare asalinsa daga Jamus ya ke. Wani hafsan sojan doki, Max von Stephanitz, shi ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, kuma don tsaron tumaki aka fitar da shi. Ingilishi ne suka sauya masa suna bayan Yaƙin Duniya na Farko saboda ƙin jinin Jamusawa, ba su mayar masa da sunansa na asali ba sai a 1977. Watau dabba ce da aka shirya domin ta yini tana gudu tana aiki da hankalinta. To, a ɗauki irin wannan a ɗaure shi a wurin da bai wuce tabarma biyu ba, safe da yamma, me a ke tsammani?

Ɓarayi dai ba su sake zuwa ba. Amma bayan wata uku, ran wata Laraba da la'asar, Duna ya tsinke sarƙa ya cafki ƙafar ɗan maƙwabci, yaro ɗan shekara shida da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Raunin bai yi zurfi ba, sai dai cizon kare ba a auna shi da zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya a tashi. Matar mutumin ta yi abin da ya kamata, ta wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sa'an nan aka garzaya asibiti. Allah ya sa wanda ya sayar da karen ya haɗa da katin allurar riga-kafi, irin allurar da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ta ke can tun 1924, ta daɗe tana sarrafawa. Likitan dabbobi ya ce a tsare shi kwana goma a ga yadda zai kasance. Kwana goma suka cika, kare lafiya lau, yaro ma ya warke.

Zumunci ne bai warke ba. Uwar yaron ta daina amsa gaisuwa. Mai gidan haya kuwa ya zo da kansa ya ba da wa'adin mako shida: ko a ladabtar da karen, ko kare ya bar gidan, ko kuma su bar shi tare da ubangidansa.

Wasu 'yan'uwa suka ce ai ga irinta nan, me ya kai Musulmi ajiye kare? Mutumin ya kai maganar gaban limamin unguwarsu. Liman ya faɗa masa cewa shari'a ta yarda da kare don farauta da tsaron gona da dabbobi, kuma malamai da yawa sun haɗa da tsaron gida idan akwai larura. Ya ba shi labarin da masu sharhi kan kawo game da Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala, wanda ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi. Ya ƙara da cewa malaman fiƙihu sun bambanta horarren kare da wanda ba horarre ba, alamarsa kuwa ita ce in an aike shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. “Naka fa,” in ji liman, “yana tsayawa?” Mutumin ya sunkuyar da kai.

Da ya shiga cigiya sai aka kwatanta masa wani filin makaranta inda masu kiwon manyan karnuka kan taru kowace Asabar da safe. Ya yi murna, don an ce matambayi ba ya ɓata. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ja Duna da igiyar da ya kan ɗaure ragon Layya, ya nufi wurin.

Tun daga ƙofa ya gane ya shigo gonar da ba tasa ba. Mutum wajen ashirin ne, kowa da karensa a gefen hagu, fata tana sheƙi. Ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi a cikin ɗan Turancin da ya ke da shi: yana neman wanda zai horar masa da kare. Na farko ya tambaye shi takardar asalin karen. Ba shi da ita. Na biyu ya tambayi abin da ya ke ba shi. Ya ce sauran tuwo da ƙashi. Aka fashe da dariya. Na uku ya duƙa ya dubi ƙugun Duna, ya juya ya ce wa 'yan'uwansa wannan ai ruwa biyu ne, an cuci mai saye. Wani dattijo mai tabarau ya ce shi dai a ganinsa wanda bai san kare ba bai kamata a sayar masa ba. Daga nan suka shiga gardama a tsakaninsu a kan wane abinci ya fi wani, suka manta da shi a tsaye. Ya yi kusan sa'a guda a wurin, an faɗa masa laifinsa guda biyar ko shida, amma tambayar da ya zo da ita ba wanda ya amsa.

Gaskiya ita ce yawancin abin da suka faɗa daidai ne. Sarƙa ta ɓata karen, tuwo kaɗai ba ya isarsa, kuma mai saye ya yi gaggawa. Har ila yau suna da uzurinsu, don sun sha ganin mutum ya sayi kare saboda tsoro ko alfahari, ya lalata shi, ya yar. Wanda ya amsa tambaya ɗaya sau ɗari ya kan gaji. Sai dai wannan halin ba na masu karnuka ba ne su kaɗai. Duk inda masana wani abu suka yi majalisa, ko ta makanikai ce ko ta masu kiwon tattabaru, a kan bukaci baƙo ya zo da ilmin da ya zo nema. Alhali kuwa mutumin da ya jawo karensa har filin ya riga ya fi dubun da suka bar nasu a ɗaure. An kore shi da dariya, kare kuma ya koma kan sarƙarsa.

Da ya rasa mai nuna masa hanya sai ya bi allon talla. Sana'ar horar da kare ba a cika tambayar mai ita shaidar koyo ba, kowa ya rubuta allo ya zama malami. Wanda ya samu ya yi alkawarin gama aiki cikin mako biyu, ya karɓi kuɗi gaba ɗaya, ya ce ba a zuwa kallo. Hujjarsa ita ce kare jikan kyarkeci ne, ba ya bin kowa sai wanda ya fi ƙarfinsa. Wannan magana tana da asali. Wani masani, Rudolf Schenkel, ya rubuta ta a 1947 bayan ya lura da kyarketan da aka tara a gidan dabbobi na Basel a Suwizalan, kana Ba'amurke David Mech ya yaɗa ta a littafinsa na 1970. Amma shi Mech ɗin da kansa, bayan ya yi shekaru yana kallon kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada, ya fito a 1999 ya ce garken kyarkeci iyali ne kawai, uba da uwa da 'ya'ya, faɗan mulkin nan kuwa halin baƙin juna ne da aka kulle wuri guda. Mai maganar ya janye, masu bulala ba su ji ba.

Duna ya dawo a rame, gashin wuyansa ya ƙwaƙule. In mai horon ya ɗaga hannu sai ya kwanta yana rawar jiki. Da mai horon ya tafi, ubangidansa ya ɗaga hannu, sai ya yi masa gurnani, abin da bai taɓa yi ba. Saura kwana goma sha tara wa'adi ya cika.

Ashe maigadin makarantar nan, wani Buzu, ya ga duk abin da ya faru ran Asabar. Suka haɗu a masallacin Juma'a, ya ja shi gefe ya kwatanta masa gidan wani tsohon saje da ya yi aiki a sashen karnuka na 'yan sanda, mutumin Filato, mai Hausar bariki.

Tsohon bai dubi ƙugu ba, bai tambayi takarda ba. Ya ba baƙonsa kujera, ya yi ta tambaya. A ina karen ya girma kafin a saye shi? Sau nawa ya ke fita? Yaron da gudu ya shigo ko da tafiya? Da ya ji cewa a keji Duna ya yi watanninsa bakwai na farko, sai ya girgiza kai. Abin da ya sani ta hanyar aiki shi ne abin da Scott da Fuller suka tabbatar a Amurka a 1965, cewa daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu ne kwikwiyo ke sabawa da mutane, abin da bai gani ba a lokacin ya kan tashi yana tsoronsa. Duna bai taɓa ganin yaro ba sai da ya girma. Tsoro ne ya sa shi cizo, aka kuma ƙara masa da duka.

“Baba, kwana nawa zan bar maka shi?” in ji mutumin.

“Ba na karɓar kare, ɗana. Kai zan koya wa. Ni ba a gidanka na ke kwana ba.”

Haka suka fara, kullum bayan sallar Asuba. Tafiya mai nisa tukuna, don karen ya sauke ƙarfinsa. Sa'an nan darasi na minti goma kawai, da 'yan gutsattsarin busasshiyar hanta a aljihu. Kalma ɗaya ga aiki ɗaya, zauna, zo, bari, kuma ba a maimaitawa. In ya yi daidai a ba shi lada nan take, don in an yi jinkiri ba zai san abin da aka saka masa a kai ba. Aka koya masa sa baki cikin takunkumi da kansa, da hanta a ciki. Daga baya suka riƙa tsayawa can nesa da hanyar 'yan makaranta, inda zai hango yara bai firgita ba, kowace rana a matsa taki biyu ko uku. Ran da mutumin ya ƙosa ya matsa taki goma, Duna ya zabura, tsohon ya mayar da su inda suka faro. Sau da yawa ma mutumin ne ke shan faɗa, don muryarsa tana rawa, hannunsa yana ƙanƙame igiya, karen kuwa yana jin duka biyu.

Ranar da wa'adi ya cika mai gida ya zo. Aka fito da Duna da takunkumi, aka ce ya zauna, ya zauna. 'Yar mutumin ta wuce da bokiti a gabansa, ya bi ta da ido bai tashi ba. Mai gida ya daɗe yana kallo, ya juya ya tambayi tsohon saje ko zai iya rantsewa karen ba zai sake cizo ba. Tsohon ya ce ba zai rantse ba, kuma kada a kuskura a bar shi da yaro su kaɗai, ko bana ko baɗi. Mai gida ya ce to ya ƙara wata uku, da sharaɗin a cire sarƙa a kewaye masa wuri da waya, a sa ƙofa mai sakata.

An yi wayar a makon. Uwar yaron ta fara amsa gaisuwa, amma ƙwallon in ta faɗo cikin gidan, ita ke zuwa ɗauka da kanta.